Akuyar da Ta Ci Takardun Mushe

Sau ɗaya tak na taɓa shiga ofishin malamin da ya koya mana ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abin da ya rubuta bayan fitata shi ya hana ni sakat fiye da shekara goma.

A makarantar horar da malamai ta Damagaram ya koyar da mu. Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa kowane malamin boko a wajenmu. Daga baya ya tafi jami'a a Yamai ya zama farfesa, amma a bakinmu bai taɓa wuce Mushe ba. Sauran malamai sun koya mana cewa yaro sai da dusa a hannun dama, sanda a hagu. Shi kuwa ya ce mutum da alherinsa ake haifarsa, abin da yake nema kawai wanda zai saurare shi ba tare da ya yanke masa hukunci ba. Haka yake yi kuma. Ka je masa da damuwa, ya ba ka kujera, ya ce "Ina jin ka," ya yi shiru. In ka gama ya maimaita maka abin da ka faɗa da kalmomi kaɗan, shi ke nan. Ba nasiha, ba rubutun sha, ba laya. Wata gwaggona da ta taɓa kai masa ƙarar ɗanta ta dawo tana cewa bango ma ya fi shi amfani, ko ba komai ka jingina.

Abin da ya kai ni wurinsa ya faru ne a fari na farko. Ina da shekara goma sha bakwai, ina kwana a makaranta, gwamnati na ciyar da mu, iyayena kuwa suna Garagumsa inda gero bai ko fitar da kai ba. Akwai direban wata babbar mota da ke bi ta garinmu duk Juma'a. Sai na ƙudura zan riƙa ajiye rabin burodina na safe a akwati, in ba shi ya kai wa ƙanwata. Kwana shida ina tarawa. Ranar Alhamis da la'asar na buɗe akwatin don in ɗaure su a tsumma, ƙamshin ya buge ni, na tsaya a bayan ɗakin wanka na cinye su duka shida, busassu, ko ruwa ban nema ba. Juma'a direba ya wuce ban fita ba. Mako na zagayowa aka aiko cewa ƙanwata ta rasu.

Na san rabin burodi shida ba ya tsayar da ajali. Sani daban, abin da ke cin mutum daban. Na je ofishin Mushe na amayar masa da komai. Ban riƙe abin da ya ce ba, ban da "Ina jin ki" ɗin nan nasa. Da na fito na waiwaya ta taga, sai na ga ya jawo wani littafin rubutu, kaye kamar yadda muke cewa, yana rubutu da sauri. Tun daga ranar nake son in san me ya rubuta. A fuska bai hukunta ni ba, to amma takarda fa? Mutum yakan gaya wa takarda abin da kunya ta hana shi faɗa. Kuma tun daga ranar ban sake cin abinci a gaban wani ba. Ko a gidana sai kowa ya gama nake jan kwanona in shige ɗaki. Mijina ya yi mita har ya gaji ya bari.

Fari na biyu ya same ni ina koyarwa a wata firamare a unguwar Zango, a nan Damagaram. Mushe ya riga ya ajiye aiki ya dawo gidansa na unguwar Birni, kuma a farkon wannan shekarar Allah ya yi masa rasuwa. Ba a daɗe ba wasiƙa ta zo daga ɗakin karatu na jami'a, suna so a tattara rubuce-rubucensa a aika musu su adana. Matarsa na cikin takaba, namiji ba zai je ya yini a tsakar gidanta ba, don haka mai duba makarantunmu ya tambaya ko akwai mace cikin tsofaffin ɗalibansa. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Ya yaba mini da son ilimi, ni kuwa na bar shi a haka.

Matar Mushe Babarbariya ce, doguwa, mai magana kai tsaye. Iya nake ce mata, ita kuma ta ɗora mini "Madam", tana jan kalmar kamar mai auna tsawonta. A gidan daga ita sai jikarta jaririya, wadda uwarta ke kwance a asibiti nono ya ƙafe, sai wata jar akuya ɗaure a gindin bango. Da nonon akuyar nan yarinyar ke rayuwa. Ranar farko Iya ta miƙo mini kunu a ƙoƙo, na ce na ƙoshi. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ta ce, "Madam, ku 'yan lakwal, masu boko, da iska kuke rayuwa, ko kuwa ƙoƙon namu ne bai kai ba?" Na yi dariya na shige ɗakin takardu.

Ɗakin cike yake har kusan rufi. Kwalaye, kaye-kaye, laccoci da aka buga da tafireta, duk da Faransanci. Na zo neman shafi ɗaya ne, amma sai mutumin ya ɗauke mini hankali. Akwai doguwar takarda a kan gaisuwarmu, yadda mutum zai amsa "lafiya lau" alhali bai ci komai ba tun jiya. Mushe bai kira wannan ƙarya ba. Ya ce sutura ce mutum ke yi wa kansa, kuma wanda ke son jin gaskiya sai ya jira a gama gaisuwar duka, ya ƙara jira. Akwai wata a kan abin da ke sa yaro ƙarya a gaban malami. Akwai wata a kan manoman Tirmini da suka sayar da shanun nomansu a kasuwar Dole, suka koma gida da igiyar a hannu, wasu har mako suna yawo da ita. Ya yi shafi goma yana tambayar kansa abin da igiyar nan take riƙe da shi. Ni ma da na fita ranar sai na tsinci kaina ina duba hannun mutane a hanya.

Na gano kuma cewa kowace shekara yana da kaye guda na ɗaliban da suka zo masa da damuwa. Ba ya sa suna, sai "wata ɗaliba", "wani ɗalibi", da ranar. Sai dai ba a jere suke ba, suna warwatse cikin kwalaye, dole in bi ɗaya bayan ɗaya.

A mako na biyu na fara lura da wani abu. Ina ɗaure takardu da igiya in jingine, washegari in tarar ɗaurin ya yi sako-sako. Kwalin da na bari cike ya koma rabi. Na zargi gara, na duba gindin bango ban ga ƙasarta ba. Na zargi ɓera, to ɓera ba ya kwance igiya ya mayar. Abin ya tsaya mini a rai har na fara sa alama da alli a jikin kwali, kamar mai gadin rumbu.

Wata Laraba babu karatu, na zo da hantsi maimakon la'asar. Na tarar da Iya zaune a kan tabarma, ƙwarya a gabanta da ɗan ruwa. Tana yaga takarda ƙanana-ƙanana tana jiƙawa, ta barbaɗa dusa kamar cikin tafin hannu, ta marmasa kanwa, ta cuɗa. Akuya na tsaye tana jira kamar wadda ta san lokacinta. A gefen ƙwaryar na hango rabin shafi, na gane shi, laccar gaisuwa ce da na karanta shekaranjiya.

"Iya, me nake gani haka?"

"Kalaci," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Wannan aikin shekara talatin ne fa. A Yamai ake jiran su."

"Yamai na da nono?" Ta tura wa akuya ƙwaryar. "Je ki kasuwa ki nemo mini harawa ko ɗauri ɗaya, in kin samu in bar miki takardunki. Karan dawa ma an cire daga danni an ba dabbobi. Yarinyar nan ba ta san farfesa ba, Madam, cikinta ta sani."

Akuya ta sa baki tana ci da marmari, har da kaɗa wutsiya, abin da ko mu ɗalibansa ba mu taɓa yi wa laccar Mushe ba.

"Kuma kar ki ɗauka ban san abin da nake yi ba," in ji Iya. "Rubutun Nasara kaɗai nake ba ta. Duk takardar da na ga baƙin Alƙur'ani a jiki na ware, suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. Addu'o'insa ne. Waɗannan ko mutuwa za mu yi dabba ba ta taɓa su."

Haka kowa ke yi a garinmu. Takarda mai rubutun Larabci ko a hanya ka gan ta sai ka ɗauke ka soka a bango, ta boko kuwa a ƙunsa ƙosai da ita. Ban ga abin mamaki ba, ban kuma nemi ganin akwatin ba. Ni kayan Faransanci na zo nema, domin a makarantarmu shi kaɗai aka yarda a yi, wanda aka kama da Hausa a baki horo zai sha.

Muka yi sulhu. Duk laccar da na samu kofinta biyu, ɗaya na Yamai ɗaya na akuya. Na kwaso tsofaffin kaye na 'yan ajina da jaridun mijina na kawo. A nan na san akuya ma tana da zaɓi. Jarida sai ta ga babu yadda za ta yi, kaye na yara tana ci ba yabo ba fallasa, amma siririyar takardar nan ta kofin tafireta, ita ce tsirenta. Duk da haka abin da nake kawowa ba ya isa, kuma na san in na juya baya Iya za ta shiga ɗakin. Sai na koma tsere da akuya. Ina tashi daga makaranta na nufi Birni, ko gida ba na biyawa.

Na samu kaye na shekarar da ta gabaci tawa. Bayan kwana biyu na samu na shekarar da ta biyo baya. Na zazzage kwalin ƙarshe a ƙasa, na bi shi takarda-takarda, na sake bi. Nawa babu.

Na fito da ɗaya a hannu. "Iya, akwai irin wannan mai shuɗin bango?"

Ta duba. "Masu laushin nan? Da su na fara, tun kafin ki zo. Uku ko huɗu."

Abin da na gaya mata ba zan maimaita duka ba, don har yau ina jin kunyarsa. Na ce shekara arba'in tana zaune da mutum ba ta san darajarsa ba. Na faɗa wa mace mai takaba haka, a tsakar gidanta. Sai na zauna a bakin ƙofa ina kuka kamar yarinya.

Iya ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Ma'aikacin gwamnati ba ya yi wa takarda kuka haka. Ke dai akwai abin da kika zo nema." Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen har tsakar gida, ta buɗe. "Abin da ya tafi ya tafi. Ɗauki addu'a ɗaya ta hannunsa ki riƙe, ko don albarka."

Na ɗauki kaye na sama don kar in sake ɓata mata rai. Ni karatun allona bai yi nisa ba aka sa ni boko, kuma baƙaƙen nan da baki na koye su, ido kaɗai ba ya karanta mini su. Sai na haɗa su ɗaya-ɗaya da murya, kamar yadda muke yi a gaban malam. Na fara, ina jiran in ji Larabci. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni mutumin Gaffati ne, rijiyarmu ta ƙafe tun kafin azumi."

Muka dubi juna. Na buɗe wani shafin, wata mata ce ke ba da labarin yadda ta bar tsohuwarta a ƙauye. Wani kuma makiyayi ne da ya rasa garkensa yana cewa bai san sunan da zai amsa ba yanzu. Hausa ce tsantsa da ajami. Ashe Mushe yakan je wajen mutanen da fari ya koro bakin gari, abin da yake kwasowa ke nan. Wanda ya yi masa magana da Faransanci ya rubuta da boko, wanda ya yi da Hausa ya rubuta da baƙaƙen da ya koya tun yana yaro.

A nan wani abu ya faɗo mini. Ranar da na shiga ofishinsa da Faransanci na fara, wannan na tabbata. Amma wa ya taɓa yin kuka da Faransanci? Da na kula da gefen da hannunsa ya fara rubutu, dama ko hagu, ranar da na leƙa ta taga, da na huta da tseren akuya.

Ya sa ranaku da lambobi a kan kowane shafi, don haka neman bai yi wuya ba. Na samu shafina a kaye na bakwai ko na takwas. Na dubi Iya, ina fata ta tashi ta ba ni wuri. Ba ta da niyya, ta ma gyara zama ta ɗora jaririya a cinya. Na gwada karantawa a zuci, baƙaƙen suka tsaya mini cik. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki.

Maganata ce, yadda na faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Akwati, kwana shida, bayan ɗakin wanka, direban da ya wuce. Har da abin da na manta na faɗa, cewa ƙanwata ba ta taɓa ganin burodi ba, kuma na yi mata alkawari tun hutu. Ina haɗa baƙi ina tuntuɓe, ina komawa baya, kowace kalma sai na faɗe ta sau biyu. Abin da na ɓoye wa mijina da uwar da ta haife ni, na karanta shi a tsakar gida da rana tsaka, a gaban matar da na gama yi wa rashin kunya.

Na kai ƙarshen shafi ina neman hukuncin. Layi ɗaya ne ya rage, an ɗan ware shi daga sauran. Ya rubuta: "Na ce mata, kin ji yunwa. Ban ga alamar ta ji ni ba."

Na juya shafin, labarin wani ne daban. Na dawo na sake karanta layin. Gaskiyarsa, ban ji shi ba. Shekara goma da ɗoriya ina zargin ya ɓoye wani abu a takarda, ashe a fuskata ya faɗa, kuma iyakarsa ke nan. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na kuma ji wani sauƙi da ban san inda zan ajiye shi ba.

Iya ta dubi akwatin. Sannan ta ce, "Ashe ba addu'a ba ce."

"Ba ita ba ce, Iya." Tsoro ya kama ni. "Za ki ba akuya?"

"Kukan mutane? A'a." Ta rufe akwatin. "Yamai ma ba za shi ba. Shi suka gaya wa, ba gwamnati ba."

Ban yi gardama ba. Abin da ya tsira na Faransanci, kwali tara, shi na ɗora a mota daga baya, kuma na ji yana can a adane har yau. Masu bincike suna karanta laccocin da akuya ta rage musu.

Iya ta miƙo mini jaririyar ta tashi. Ta wanke hannu, ta tsuguna gindin akuya da ƙoƙo, ta daɗe tana tatsa, don abin ba yawa gare shi ba. Ta dafa, ta zuba na yarinya a kwalba, ta bar kamar kurɓi uku a ƙoƙon. Ta karɓi jikarta, ta miƙo mini ƙoƙon.

"Na ƙoshi, Iya."

"Mako uku kina gaya mini haka."

"Na yarinya ne."

"Nata ga shi a kwalba. Ba a bakinta na cire ba." Ta matso da ƙoƙon har ya taɓa hannuna. "Sha, ɗiyata. Ina nan zaune, ba inda za ni."

Na duba ɗakin takardu, ƙofarsa a buɗe, taku huɗu ne in shige in juya baya. Iya ta kafa mini ido, jaririya na tsotson kwalba, akuya na lasar gindin ƙwarya. Na ɗaga ƙoƙon da hannu biyu. Da ɗuminsa, da ɗan ɗanɗanon kanwa. Na shanye tana kallona.